Zoɓo da Gasar Cin Kofin Duniya

A gidajen kallon ƙwallo na Unguwa Uku, Coca-Cola matasanmu suka fi riƙewa lokacin gasa. Kwalba mai santilita 50 tana ɗauke da sukari wajen giram 53, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babba kada ya wuce kimanin giram 50 a rana. Gasar 2026 kuwa wasanni 104 ce.

A Meziko, ɗaya daga ƙasashen gasar, ana shan "agua de jamaica". Zoɓonmu ne, kuma daga Kano da Jigawa ake kai musu busasshensa da yawa. Wanda aka haɗa a gida da citta da kanumfari, kai ne za ka auna sukarinsa.