Daga "Munka" Zuwa "Muka": Me Ke Sauya Harshen Mawaƙi Idan Ya Shiga Sitidiyo?

Duk wanda ya taɓa zaman fada a Maraɗi ko Tawa ya san yadda samari ke hira a bakin butar shayi: "mun tahi", "lahiya lau", "mi kake so", "da munka zo". Amma bari ɗaya daga cikinsu ya shiga sitidiyo ya ɗauki waƙar soyayya. Sai ka ji "tafi", "lafiya", "da muka zo", kamar wanda aka yanke wa cibiya a Fagge ta Kano. Yana fitowa ya koma kan tabarma, Hausar gida ta dawo bakinsa.

Ba mawaƙan Hausa kaɗai ke haka ba. Adele ƴar unguwar Tottenham ce a Landan, kuma idan ana hira da ita Turancinta na ƴan Landan ne tsantsa, amma a waƙa furucinta ya fi kusa da na Amurkawa. Céline Dion kan yi magana da Faransancin Kebek na ƙasar Kanada, wanda ɗan Nijar sai ya kasa kunne sosai kafin ya bi shi, amma waƙoƙinta na faifan D'eux na 1995 kowa na jin su sarai daga Paris har Yamai. To mene ne ke faruwa tsakanin magana da rerawa? Amsar kashi biyu ce. Akwai abin da waƙa da kanta ke gogewa, akwai kuma abin da mawaƙi ke ajiyewa saboda wanda yake kwaikwayo da wanda yake son ya saurare shi.

Abin da kari ke gogewa

Idan muka ce mun gane garin mutum daga maganarsa, abubuwa da dama kunne ke tattarawa: hawa da saukar murya, saurin magana, tsawon wasula, yadda ake furta wasu baƙaƙe, da kuma kalmomin da aka zaɓa. Waƙa tana ƙwace uku na farko daga hannun mai magana. Karin waƙa ne ke cewa ga inda murya za ta hau, ga inda za ta sauka. Kiɗa ne ke yanke sauri. Gaɓar da ake furtawa cikin ƙiftawar ido a hira, a waƙa ana iya jan ta har numfashi ya ƙare, kuma mai jan wasali yakan buɗe baki fiye da yadda ya saba. Da zarar an yi haka, alamomi da yawa da ke bambanta ɗan wannan gari da na wancan sun dushe.

A Hausa lamarin ya fi nauyi, domin hawa da saukar murya da tsawon wasali suna sauya ma'ana. "Wuya" na jiki da "wuya" ta wahala karin sauti ne ya raba su. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo tsawon wasali ne ya raba su. Shi ya sa makaɗan gargajiya sau da yawa kan gina karin waƙa a kan karin maganar kanta, sai ka ji waƙar kamar zance ne aka ɗaga shi sama. Idan kuwa kari aka fara samu, ko aka aro shi daga wani wuri sannan aka nemo kalmomin da za a zuba a ciki, kamar yadda aka yi ta yi da karin waƙoƙin Indiya a farkon finafinan Hausa, to kalmomin ne ke lanƙwasawa su bi karin. A nan ne muryar gari ke fara ɓacewa. Manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997 kuma ta zama ruwan dare a sitidiyoyinmu, tana ƙara daidaita hawan murya har muryoyi su riƙa kama da juna.

Abin da kari ba ya iya gogewa

Sai dai wannan bayani bai ƙare zancen ba. Kari yana iya jan wasali, amma ba ya mayar da "tahi" ta zama "tafi". Auto-Tune tana gyara hawan murya, amma ba ta cire "n" daga "munka". Waɗannan sauye-sauye daga bakin mawaƙi suke fitowa, ko ya yi da gangan ko bai ma lura ba.

Masanin harshe ɗan Ingila Peter Trudgill ya yi nazarin wannan a 1983. Ya saurari faya-fayan mawaƙan Birtaniya, ya ga cewa a farkon shekarun 1960 suna aron furucin Amurkawa, misali furta "r" a ƙarshen gaɓa inda mafi yawan ƴan Ingila ba su furta ta. Dalili kuwa shi ne irin kiɗan da suke yi daga Amurka ya fito, musamman daga baƙaƙen fata na kudancin ƙasar, kuma waɗannan su ne gwanayen da suka tashi suna saurare. Abin lura a binciken shi ne, ƙungiyar Beatles ta garin Liverpool ta yi ta rage wannan aro daga faifanta na 1963 zuwa na 1969. A cikin waɗannan shekaru ne sunansu ya cika duniya har Amurkawa suka koma kwaikwayonsu. Da ƙarfin kasuwa ya karkato wajensu, sai bukatar aron bakin wani ta ragu.

Wani mai bincike a ƙasar New Zealand, Andy Gibson, ya gwada maganar mawaƙan ƙasarsa da waƙarsu a 2010. Ya gano cewa furucin Amurka ya zama musu tamkar asalin muryar waƙar zamani, yana zuwa da kansa, kuma rera waƙa da furucin gida shi ne ke bukatar niyya da ƙoƙari. Ma'ana, yaro yana koyon waƙa ne kamar yadda yake koyon magana, ta hanyar kwaikwayo. Idan duk waƙoƙin da ya haddace da bakin wani gari aka rera su, ranar da zai rera tasa da wannan bakin za ta fito.

Kasuwar Kano

A ƙasar Hausa, matsayin da Amurka ta samu a waƙar Turanci, Kano da Kaduna ne suka same shi a waƙar zamani. Tun kafin finafinai, Hausar gabas ita aka ɗauka ta zama ta rubutu. Da ita jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, kuma ita kunne ya saba ji a sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957. Daga 1990, lokacin da fim ɗin Turmin Danya ya buɗe ƙofar masana'antar finafinan Kano, sai waƙar fim ta shiga kowane gida, da kaset, da faifan CD, sannan da katin waya, yau kuma da YouTube da TikTok. Matashin Damagaram ko Madawa da ya tashi da waƙoƙin Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Ali Jita ko Hamisu Breaker, a kunnensa haka waƙar soyayya take.

Ga kuma lissafin kasuwa. Mafi yawan masu jin Hausa a Najeriya suke, can manyan sitidiyoyi da masu shirya fim da masu kiran mawaƙa biki suka fi yawa. Fati Nijar, wadda aka haifa a Maraɗi, a Kano ta yi suna ta hanyar waƙoƙin fim. Har mawaƙan da ba da Hausa suke waƙa ba wannan kasuwa ta ja su: Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa mai waƙa da Tamashek, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, cikin salon Auto-Tune irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Mawaƙin da ke son waƙarsa ta ƙetare iyaka yakan ji tsoron kada a ce Hausarsa ta ƙauye ce, sai ya goge ta tun kafin wani ya ce masa komai.

Amma ba kullum iskar ke kaɗawa daga gabas ba. A ƙarni na 19, lokacin da Sakkwato ta zama cibiyar mulki da ilimi, rubutattun waƙoƙin su Nana Asma'u sun yaɗu da Hausar yamma, kuma har yau marubuta waƙa da ba Sakkwatawa ba kan ari "sunka" ko "munka" idan ma'aunin baiti ya bukata. Akwai dalilin sana'a a ciki: "sun" gaɓa ce mai nauyi, "su" marar nauyi, saboda haka "sunka" da "suka" ba wuri ɗaya suke cikewa a kiɗa ba. Mawaƙin da ya san biyun yana da kayan aiki biyu.

Waɗanda suka riƙe nasu

Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun wanda ya rasu a 1991, da Hausar yamma suka yi waƙoƙinsu, ba su sassauta ba. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bakin ƙasar Katsina bai bar shi ba. A Tawa an yi Ɗan Gurmu, wanda gasar kiɗa ta ƙasa ke ɗauke da sunansa. Waɗannan mutane a gaban jama'arsu suka koyi sana'a, ubangidansu da ƴan amshinsu da masu yi musu kari duk bakinsu ɗaya. Duk da haka rediyo ta kai muryoyinsu ko'ina, kuma har gobe Bakano na sauraren Ɗanƙwairo yana jinjina masa. Karin harshensu bai tare musu hanya ba, shi ne ma ya sa daga baiti ɗaya ake gane su.

A waje ma akwai misalai. Ƙungiyar Magic System ta unguwar Anoumabo a Abijan ta fitar da Premier Gaou a 1999 da Faransancin titin Abijan, kuma da wannan bakin waƙar ta mamaye Faransa. Fela Kuti ya zaɓi Turancin buroka don talakan Legas da na Akara su ji shi kai tsaye. Ƴan Proclaimers na Sukotland da Arctic Monkeys na garin Sheffield sun yi suna da furucin garuruwansu a lokacin da sauran ke bin na Amurka.

Irin kiɗan ma yana da tasiri. Rap ya fi kusa da magana, ba a jan wasali sosai, kuma darajar mai yin sa tana cikin nuna daga ina ya fito. Shi ya sa a rap ɗin Nijar, tun zamanin ƙungiyoyi irin su Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney, ake jin harshen titi yadda yake, Hausa da Zabarmanci da Faransanci a cakuɗe. Matashi ɗaya na iya yin rap da bakin unguwarsu, ya juya ya rera ta soyayya da bakin Kano.

Me za a rasa?

Babu laifi mawaƙi ya nemi kasuwa, kuma Hausar Kano ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Amma akwai abin dubawa. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, kuma Hausar da ƴan Nijar ke yi ba iri ɗaya ba ce: akwai Adaranci, Gobiranci, Katsinancin Maraɗi, Arewancin Dogon Dutsi, Kurhwayancin Filinge da Damagaranci. Littattafai da labaran rediyo sun fi karkata ga daidaitacciyar Hausa. Waƙa na cikin wurare ƙalilan da waɗannan kare-karen harshe ke samun a ɗauke su a adana. Yau muna sanin yadda Bagobiri ke sarrafa magana shekaru 70 da suka wuce saboda Narambaɗa ya rera da bakinsa. Idan mawaƙan wannan zamani duka suka koma baki ɗaya, jikokinmu za su nemi muryar Tawa ko Tasawa ta yau a faifai su rasa.

Ƴan ci-rani sun fi kowa sanin darajar wannan. Wanda ke Abijan, Kumasi, Tripoli ko Tamanrasset, idan ya kunna waya bayan aiki, kalma ɗaya da aka furta yadda tsohuwarsa ke furta ta kan isa ta kai shi gida. Ƴaƴan da aka haifa a can kuma, da yawansu daga waƙa da fim suke tsintar rabin Hausarsu. Su ma kasuwa ne, kuma intanet ta sa mawaƙin Maraɗi na iya kai musu waƙarsa ba tare da ta bi ta hannun kowa a Kano ba.

Saboda haka idan ka sake jin sabuwar waƙar wani ɗan garinku, ka saurari "f" da "h" ɗinsa, ka saurari "muka" da "munka". Daga nan za ka gane waɗanda ya tashi yana saurare, da kuma waɗanda yake fatan su saurare shi.