Boris da giris: kada amalanke ta tsaya muku da kifi a hanya

Yau zan ɗan kauce daga maganar abinci da rigakafi, mu taɓa maganar taya, musamman ga mutanenmu na Tambuwal da Kebbe da ke aiki a bakin ruwa.

Duk mai kai jirgi ko koma tafkin Romo, ko mai shiga fadamar Kuchi da damina, ya san amalanke da keke mai ɗaukar kaya ba su rabuwa da ruwa da laka. Da su muke jan jirgi, da su muke ɗauko durom ɗin 'ya'yan kifi da buhunan abinci. Abin da ke sa taya ta juya lafiya shi ne boris, abin da ke raya boris kuma giris ne. Ranar da boris ya kama a tsakiyar hanya da rana tsaka, ruwan durom zai yi zafi, iskar cikinsa ta ragu, 'ya'yan kifi su fara tasowa sama suna haki. Kwalin 'yan tsaki ma haka, ba su jure dogon jira cikin rana. Kun ga ƙaramin ƙarfe ya cinye jarin mutum.

To ta ina ruwa ke shiga? Idan aka yi tafiya da kaya, musamman in babur ko keke ne ke jan amalanken, kan taya yana ɗaukar zafi, iskar da ke ciki ta buɗe. Da an tsoma shi cikin ruwa mai sanyi sai iskar nan ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta gefen robar da ke tare giris, wadda makanikai ke ce wa sil. Ruwan ya gauraya da giris, tsatsa ta fara cin ƙarfe a ɓoye. Shi ya sa nake ce wa yarana: in kun iso bakin ruwa ku dakata, ku kwance igiya, ku shirya kaya, sai kan taya ya huce kafin ku shiga. In ma da hali, kada ruwa ya kai tsakiyar taya.

A Amurka masu jan jiragen ruwa a kan tirela sun daɗe da wannan matsala. Har murfi suke sa wa kan taya, irin wanda ake kira Bearing Buddy, mai sifirin a ciki da ke danna giris don ruwa ya rasa hanya. Mu a nan kulawa ce za ta tsaya mana a madadinsa.

Ga gwaji uku da ba su cin ko sisi:

1. Bayan tafiya ku ɗora hannu a kan tsakiyar taya. Ɗumi ba komai. In hannu ya kasa zama, akwai matsala.
2. Ku ɗaga taya da jak ko gungume, ku juya ta. In kun ji tana gurza kamar dutsen niƙa, boris ya tafi.
3. Ku riƙe ta sama da ƙasa ku girgiza. In tana kaɗawa sosai, ko noti ya saki ko boris ya cinye.

Sannan ku buɗe murfi ku duba launin giris. In ya koma fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga. Ƙara sabo a kansa ɓarnar kuɗi ne. A fitar da boris, a wanke da kananzir, a bar shi ya bushe, a duba ko akwai tsatsa ko ramuka. In lafiya lau yake, a zuba giris a tafin hannu a dinga danna shi har ya ɓullo ta ɗaya gefen. A sa sabon sil, don tsohon da wuya ya sake riƙewa.

Wajen ɗaure noti a kula. Ga amalanke mai kan tayar mota, ana ɗaurewa ne ana juya taya har boris ya zauna, sannan a ɗan sassauta, a soka fin. Matsewa da ƙarfi na ƙona boris.

Akwai kuma boris rufaffe, wanda za ku ga lamba a jikinsa kamar 6204 ko 6205, da 2RS a ƙarshe. Wannan 2RS ɗin na nufin roba ta rufe shi gefe biyu, da girisinsa ya zo. In ya fara kuka, canji kawai. Ku tafi shago da tsohon a hannu don lamba ta dace.

Wane giris za a saya? Ku nemi mai jure ruwa, kuma wanda aka rubuta NLGI 2 a jikin gwangwaninsa. Kada ku haɗa iri biyu, don wasu in sun gamu narkewa suke su zube. Baƙin man inji kuwa, don Allah a bar shi. Ba ya zama a ciki, ga ƙurar ƙarfe, kuma in ya ɗiga a ruwa kifi ne zai sha wahala. Kananzir ɗin wanki ma a zubar da shi nesa da kududdufi da wurin shan kaji.

Ni ƙa'idata sau biyu a shekara: kafin ruwan farko, da bayan damina ta ɗauke, kafin ƙurar hunturu ta samu tsohon giris. Amalanken da ke shiga ruwa kullum kuwa, duk wata a leƙa. Murfin da ya faɗi a maye shi ranar, ko da gwangwanin madara ne kafin a samu na gaske, don rairayi ya fi ruwa saurin cin boris.

Wanda ke da odar 'ya'yan kifi ko 'yan tsaki a makon nan, ya duba tayoyinsa tun jajibiri. Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya tsare mu da asara. Amin.