Bayan Ambaliya: Yadda Ake Ceto Kayan Lantarki Daga Laka da Funfuna

Ranar Talata, 10 ga watan Satumba, 2024, mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa, bayan da madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gina a kan kogin Ngadda, ta ɓalle saboda yawan ruwan damina. Ruwan ya malale unguwanni irin su Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya kuma raba dubun dubatar mutane da gidajensu. Rabon birnin da ganin ambaliya irin wannan tun shekarar 1994.

A duk inda aka yi irin wannan masifa, da zarar ruwa ya janye jama'a sun koma gida, akwai wata asara ta biyu da ke jiran su, wadda yawanci da hannunsu suke jawo ta. Ma'aikacin gwamnati zai tarar da akwatin talabijin da firjin da ya yi watanni yana zubin adashi kafin ya saya, sun sha laka. Ɗalibi zai tarar da kwamfutar da ke ɗauke da kundin bincikensa na kammala karatu tana ɗigar da ruwa. Abin da zuciya ke fara raya wa kowannensu shi ne ya jona wuta ya gani ko abin yana da sauran rai. To, a daidai wannan lokaci ne kaya da yawa waɗanda da za su gyaru suke mutuwa har abada. Sauri ya haifi nawa.

Abin Da Ruwa Ke Yi

Ruwan ambaliya ba ruwan sha ba ne. Yana tafe da laka da gishiri-gishirin ƙasa da ƙazantar magudanai da masai, kuma waɗannan su ne ke sa shi ɗaukar wutar lantarki. A cikin kowane rediyo ko talabijin ko wayar hannu akwai wani allo da masu gyara ke kira fanel, wanda aka shimfiɗa wa siraran hanyoyi na jan ƙarfe, kowace da inda take kai wuta. Idan aka kunna alhali akwai laima ko busasshiyar laka a kai, sai wuta ta tsallaka daga hanyarta zuwa wata, ta ƙone ƙananan sassan da ba su jure ƙarfinta.

Ko da ba a kunna ba, muddin batir na ciki, ɓarna na ci gaba. Wutar batir da ruwan datti idan suka haɗu suna cin ƙarfe cikin gaggawa, shi ya sa ake ganin wani abu fari ko kore ya taru a kan ƙafafun sassan. Saboda haka shanya kaɗai ba ta wadatar. Ruwa zai bushe, amma laka da gishirin suna nan, kuma za su ci gaba da jawo laima daga iska suna haifar da tsatsa.

Rai Kafin Dukiya

Kafin a taɓa kome, wajibi ne a tabbatar an yanke wutar gidan daga babban makunni, kuma kada wanda ƙafarsa ke cikin ruwa ko hannunsa ke jiƙe ya kusanci makunnin. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, ta kuwa isa kisa. Kada a dogara da cewa an ɗauke wuta, domin ana iya maido ta ba sanarwa. Masu sola su tuna cewa farantan da ke kan rufi suna ba da wuta muddin akwai rana, batiran inbata kuma suna riƙe da tasu. Soket da makunnai da fis da ruwa ya shanye, abin da ya fi shi ne ƙwararren mai aikin wuta ya duba ya sake su. Mita kuwa aikin kamfanin rarraba wuta ce, wanda a Jihar Borno shi ne kamfanin da ke da hedkwata a Yola.

Har wa yau, lakar kanta abin tsoro ce. A watan Oktoba na 2024, makonni kaɗan bayan ambaliyar, gwamnatin Jihar Borno ta ba da sanarwar ɓarkewar cutar kwalara. Don haka mai wanke kaya ya sa safar hannu ta roba, ya kuma wanke hannu da sabulu idan ya gama.

Akwai kaya biyu da bai kamata wanda ba gwani ba ya buɗe su ko kusa. Tukunyar ɗumama abinci ta maikurowef tana da kondansa mai ɗaukar wuta wajen bolt 2,000, tsohuwar talabijin mai ƙeya kuwa tana aiki da abin da ya kai bolt 25,000. Dukansu suna iya riƙe wuta bayan an zare su daga soket.

Wanki Da Shanya

Matakin farko shi ne a zare waya daga soket a cire batir, tare da layin waya da memori, waɗanda galibi sukan tsira idan an goge su sun bushe. Wayar da batirinta ba ya fita, a kashe ta, kada a sa ta caji, a kai ta wurin mai gyara a ranar in da hali.

Sa'an nan a kwance murfi a ɗauraye lakar. Abin zai ba wasu mamaki, amma ƙwararru da ruwa suke wanke abin da ruwa ya ɓata, sai dai tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota. A kula ƙwarai kada a karɓo asid a maimakonsa. Bayan ɗauraya sai a bi fanel ɗin da buroshin haƙori mai laushi da sifirit mai suna aisofurofil, wanda ƙarfinsa ya kai kashi 90 cikin 100 ko fiye, domin yana korar ruwa, yana kuma bushewa da wuri. Sifirit yana kama wuta, saboda haka a yi aikin nesa da murhu da taba.

Shanya a inuwa ake yin ta, wurin da iska ke kaɗawa, ko a gaban fanka, na kwana biyu zuwa uku ga ƙananan kaya. Masu koyil, kamar fanka da sitabilaiza da janareto, suna bukatar fiye da haka, domin ruwa na maƙalewa a cikin naɗin wayarsu. Zafin rana kai tsaye yana lanƙwasa roba, yana lalata gilashin waya da na talabijin. Dabarar nan ta binne waya cikin shinkafa kuwa ba ta fitar da laka ko gishiri, har ma kamfanin Apple ya gargaɗi masu wayoyinsa da su guje ta, domin ɓarɓashin shinkafa na iya shiga ciki.

Janareto kada a ja shi sai an juye baƙin mai da fetur an sake, an kuma wanke kafireto. Faifan ajiyar bayanai na kwamfuta, irin mai juyawa, kada a buɗe shi, kada kuma a gwada shi. A sa shi cikin leda a ɗaure a kai wa masu ceto bayanai. Ga ɗalibi, abin da ke cikin faifan ya fi kwamfutar daraja.

Funfuna

Maƙiyi na biyu shi ne funfuna, wadda kan fara tsirowa cikin awa 24 zuwa 48 a kan abin da ya jiƙe. Ba ta cin ƙarfe, amma tana rayuwa a kan ƙurar da ke cikin kaya, da takardar sifika, da katakon akwatin rediyo, da zaren kaset. A fitar da irin waɗannan kaya waje kafin a goge su, a rufe hanci da takunkumi, kada kuma a hura da baki, domin ƙurarta na tayar da ciwon asma. Ruwan bilic yana kashe ta a jikin murfin roba, amma yana cin ƙarfe, don haka kada ya taɓa fanel. Kaset ɗin wa'azi ko na bikin aure da ya yi funfuna, idan aka sa shi cikin rakoda zai ɓata ta, ya kuma shafa wa sauran kaset.

Abin Da Za A Haƙura Da Shi

Ba kowane abu ne ya cancanci wahala ba. Batirin waya ko na kwamfuta ko fawa-banki da ya sha ruwa, musamman idan ya kumbura ko yana zafi, yana iya kamawa da wuta ko bayan kwanaki. A fitar da shi daga ɗaki a ajiye kan yashi. Caja da wayar jona wuta ba su kai darajar kasadar da ke cikinsu ba. Firji kuwa, ko da injinsa ya tsira saboda a rufe yake ruf, soson da ke cikin bangonsa kan tsotse ruwan ƙazanta, abincin da ke ciki kuma sai zubarwa.

Abin da ya mutu kada a ƙone shi don neman jan ƙarfe, kada kuma a jefa shi cikin kwata. Gilashin tsohuwar talabijin da batirin inbata suna ɗauke da dalma, wadda guba ce, musamman ga yara. Tun 2011 hukumar NESREA take da ƙa'idoji game da sharar kayan lantarki.

Ambaliyar 2012 da ta 2022 da ta Mokwa a watan Mayu na 2025 sun nuna cewa abin da ya sami Maiduguri yana iya samun kowane gari. Mai gida ya ɗaga kayansa sama tun damina ba ta yi nisa ba, ɗalibi ya ajiye kwafin aikinsa a wuri na biyu. In kuwa ruwa ya riga ya shigo, to, a cire batir, a wanke, a shanya, a kai wa gwani, sa'an nan a kunna.