Angurya: furotin da ke ƙarewa a bakin shanu

Da zarar kaka ta yi, manyan motoci kan yi jerin gwano a hanyoyin arewacin Kamaru ɗauke da auduga. Kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 da hedkwata a Garwa, shi ke saye ya gurje. Kaɗa ta tafi kasuwa, angurya kuwa ta nufi matatun Garwa da Marwa, inda ake tatso man girkin Diamaor. Tunkuzar da ta rage sai a haɗa abincin dabbobi da ita.

Abin takaici, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na nauyin angurya furotin ne, sinadarin nan mai gina jiki da yaran karkara da dama ke fama da ƙarancinsa. Raba shi da ƙwayar ma ba aikin a-zo-a-gani ba ne. Masana kan ɓare ta, su cire mai, su niƙa, su jiƙa garin cikin ruwa mai kaifin kanwa har furotin ya narke. Sai a tace, a zuba ɗan tsami ya dunƙule kamar yadda awara ke kamawa, a shanya, sannan a gwada shi a kan ɓeraye.

Matsalar ita ce gosifol, gubar da ke cikin baƙaƙen ɗigo-ɗigon ƙwayar. Babbar saniya na jure masa saboda ƙwayoyin halittar tumbinta, amma kaji da mutane ba su da wannan gatan. A China aka ga aikinsa ƙiri-ƙiri: ƙauyukan da ke girki da ɗanyen man angurya sun yi fama da rashin haihuwa. A shekarun 1970 har an gwada shi a kan dubban maza don tsarin iyali, aka watsar da shi bayan wasu sun kasa komawa daidai.

An taɓa samar da irin auduga marar gosifol, ƙwari suka yi masa rubdugu, domin gubar ce garkuwar shukar. Keerti Rathore na jami'ar Texas A&M ya bi ta wata hanya: ya rage gubar a ƙwaya kaɗai, ya bar ta a ganye. A 2019 hukumar abinci ta Amurka ta amince a ci irin nasa. Ga manomin Garwa da ke karɓar maganin feshi bashi a cire masa ranar awo, barin gubar a ganye shi ne zai sa ya saurari zancen.