Kumfar da ke kamo furotin daga ruwa

Duk mai dafa madarar waken suya don yin awara ta san kumfar da ke taruwa a bakin tukunya, wadda in ba a sa ludayi an kwashe ta ba sai ta yi bori. Furotin na cikin abin da ke riƙe kumfar nan. Wannan hali nasa masana suka kama, suka mayar da shi dabarar tatso furotin daga ruwan da ya yi tsararo.

Ƙwayar furotin tana da sassa biyu: ɗaya yana son ruwa, ɗaya yana gudunsa. Da ta gamu da ƙwayar iska a cikin ruwa, sai ta manne mata, sashen da ke gudun ruwa ya fuskanci iskar. Saboda haka ake zuba ruwan cikin dogon bututu a tsaye, a riƙa hura iska daga ƙasa ta wani faifai mai ƙananan huji. Ƙwayoyin iskar su taso ɗauke da furotin, su zama kumfa a sama. Tana hawa, ruwan da ke jikinta yana tsiyayewa ƙasa. A kwashe ta, a bari ta kwanta, sai ga ɗan ruwa kaɗan mai furotin da yawa.

Robert Lemlich na Jami'ar Cincinnati a Amurka yana cikin waɗanda suka tsara ilimin wannan dabara a shekarun 1960. Masu kiwon kifin teku a akwatin gilashi da ita suke cire dattin ruwansu, a ƙasar Sin kuma an yi amfani da ita wajen tattara nisin, sinadarin da ke hana abinci lalacewa. Ruwan da ke saura bayan an yi cuku ma, wanda furotin ɗinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, an gwada ta a kansa.

Arha ce babban abin da ke jan hankali: iska da bututu kawai, ba matata mai tsada. Sai dai akwai cikas. In aka hura iska da ƙarfi, furotin da yawa zai fito amma a jiƙe sharkaf. In aka sassauta, kumfar ta bushe ta yi kauri, amma wani furotin ya rage a ƙasa. Wasu nau'o'in furotin kuma, da sun manne da iska sai siffarsu ta warware, su daina aikin da aka tara su dominsa.