Yadda ake canza takalmi da faifan birki a motar ɗaukar kaya mai tagwayen tayoyin baya

Da zarar an shiga kakar citta a Kudancin Kaduna, motocin a-kori-kura da ƙananan motocin ɗaukar kaya irin su Mitsubishi Canter da Toyota Dyna ba sa samun hutu. Su ne ke kwaso buhuna daga ƙauyukan Kachiya da Jaba da Kagarko zuwa kasuwanni, su ne kuma ke jigila tsakanin Kafanchan da Jos. Mai saukowa daga Jos ta hanyar Akwanga sai ya bi ta Hawan Kibo a Ƙaramar Hukumar Riyom ta Jihar Filato, gangaren da ya yi ƙaurin suna wajen haɗurran da tsinkewar birki ke jawowa.

Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi. Idan direba ya taka, man birki yakan tura fistin, shi kuma ya matse takalma biyu a jikin faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Ƙarin lodi ƙarin zafi ne, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, aikin da ke kan birki yakan ninka sau huɗu. Shi ya sa takalmin motar da ke shan lodi yake saurin cinyewa. Sabon takalmi yakan kai kaurin milimita 10 zuwa 12, kuma idan ya sauko kusa da milimita 3 lokacin canji ya yi. Ƙarar gogar ƙarfe, da rawar feda a ƙarƙashin ƙafa, da fizgar mota zuwa gefe guda, duk alamu ne cewa an riga an makara.

Ba kowace mota mai tagwayen tayoyi ce ke da faifai a baya ba. Da yawa daga cikin tsofaffin da ke yawo a Najeriya ganga ce a bayansu, faifan yana gaba ko ma babu shi. Sai makanike ya tabbatar da wannan kafin a sayi kaya.

Wahalar aikin tana farawa ne tun daga kwance taya. A yawancin motocin Japan masu irin wannan tsari, notocin ɓangaren hagu zarensu a juye yake, wato ana kwance su ne ta inda aka saba ɗaurewa, kuma akan ga harafin L a kan kusar. Yaron gareji da bai san haka ba zai hau kan sifana da ƙarfinsa har kusa ta karye. Haka nan tayar ciki da ta waje kowace na iya zama da nata noti. Dole a sauke lodi, a tokare tayoyin gaba, a ɗora motar a kan matokarar ƙarfe. Jak kaɗai, ko bulon siminti da wasu ke karawa, ba abin amincewa ba ne ga mutumin da zai sa kansa ƙarƙashin mota.

Bayan an cire maƙatar da ke riƙe da takalman, sai a rataye ta da waya don kada nauyinta ya tsinka tiyon mai. A nan ne bambanci da ƙaramar mota yake fitowa: sau da yawa faifan yana ɗaure ne a bayan cibiyar taya, don haka sai an zare sandar da ke juya tayar, an kwance babban noti, an fito da boris, kafin a kai gare shi. Robar da ke tare mai a wurin ba a mayar da tsohuwa. Idan ta yi yoyo, mai zai jiƙe sabon takalmin, kuɗin ya tafi a banza.

Kowane faifai akwai mafi ƙarancin kaurin da aka hatimce a jikinsa. Wanda ya gaza wannan adadi, ko ya tsage, ko ya yi zurfin kwari, canza shi ake yi. Akan kai shi wurin masu injin sassaƙe ƙarfe don rage kashe kuɗi, wanda ba laifi ba ne muddin kaurin bai faɗi ƙasa da hatimin ba. Abin da ba ya karɓuwa shi ne canza ɓangare ɗaya a bar ɗaya: dama da hagu tare ake yi musu. Ƙurar tsohon takalmi kuma ba a hure ta da iska, domin wasu na ɗauke da sinadarin asbestos mai lahani ga huhu.

Man birki shi ne abin da aka fi mantawa. Yana tsotsar danshi, ga shi kuma damina a yankin Kafanchan da Kagoro tana da tsawo. Sabon mai nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Selshiyos, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen digiri 140. Idan ya tafasa a tsakiyar gangara, feda takan nutse ba tare da ta kama komai ba. Masu ƙera motoci da dama sun ƙayyade a canza shi duk bayan shekara biyu.

Kafin motar ta motsa, sai an taka feda sau da yawa har ta yi tauri. Daga nan a gwada ta babu lodi, ana tsayawa a hankali don sabon takalmi ya zauna a kan faifai. Notocin taya kuwa a sake bin su bayan tafiyar kilomita 80 zuwa 100, domin tagwayen tayoyi sukan saki kaɗan bayan ɗaurin farko.