Bindiga da barewa a ƙasar Kurfai

Halbi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Kurfai. Tun kaka da kakanni akwai mahalba a Filinge da ƙauyukan da ke bakin Dallol Boso. A da, baka da kibiya da tarko su ne kayan aikinsu. Daga baya bindiga ta shigo. Yanzu wanda ya samu ƴan kuɗi yakan tambaya, wace bindiga ta dace da halbin barewa? Kafin ya ba da kuɗinsa, ya kamata ya san abu uku: irin bindigogi, dokar ƙasa, da halin da barewa take ciki.

Bindiga iri uku

Ta farko ita ce adaka, wadda maƙera ke ƙerawa. Ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a danna, sannan a sa dalma ko gutsattsarin ƙarfe. Tana da araha, amma haɗarinta yana da yawa. In ƙarfen bututun bai da ƙwari, ko albarushi ya yi yawa, sai ta fashe a hannun mai ita. Ta kan cire yatsu, ta kan ɓata ido. Ba ta kai wa nesa, kuma sau ɗaya take tashi sai an sake ɗuri.

Ta biyu ita ce bindigar kanti mai lamba 12. Cikin bututunta sumul yake. Harsashinta cike yake da ƙananan ƙwayoyin dalma, waɗanda ke watsuwa in an halba. An yi ta domin ƙananan namun daji, kamar zabon daji da zomo da fakara. Ƙarfinta bai wuce mita 35 zuwa 40 ba. Barewa kuwa da wuya ta bari mutum ya kusance ta haka. Wanda ya halbe ta daga nesa da ƙananan ƙwayoyi, raunana ta kawai zai yi. Ta gudu da ciwo, ta mutu cikin daji. Mahalbi bai samu nama ba, daji kuma ya yi hasara.

Ta uku ita ce karabin. Cikin bututunta akwai zane mai murɗewa. Harsashinta ƙwaya ɗaya ce. Zanen nan shi ke sa ƙwayar ta riƙa juyawa, ta tafi sak, ta kai nesa. A ƙasashen Turai da Amurka, irinta ake zaɓa domin halbin manyan namun daji. Amma harsashin da ya kuskure nama ba ya tsayawa nan. Ko na ƙaramar karabin yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya, na babba kuwa ya fi haka. Dajin Kurfai ba kango ba ne. Akwai makiyaya da bisashensu, akwai mata masu neman itace, akwai yara masu kiwon awaki.

Abin da doka ta ce

Cikin shekarun 1970, lokacin babban fari, gwamnati ta rufe halbi a ƙasar Nijar duka. An yi shekara fiye da ashirin haka. Daga baya aka yi doka mai lamba 98-07, ranar 29 ga watan Afrilu 1998, domin tsara halbi da tsaron namun daji.

Mai son halbi da bindiga yana bukatar takarda biyu. Ta farko takardar izinin riƙe bindiga, daga hukuma. Ta biyu takardar izinin halbi, daga ma'aikatan gandun daji. Ɗaya ba ta wadatar da ɗaya. Kuma ko da takarda, ba kullum ake halbi ba. Gwamnati ce ke faɗin lokacin buɗewa da lokacin rufewa.

An hana halbi da dare da fitila. An hana korar nama da mota. An hana guba, an hana cinna wa daji wuta domin nama ya fito. An hana halbi da bindigar yaƙi. Akwai kuma namun da ba a taɓa su ko kaɗan, kamar raƙumin dawa da jimina da mena. Wanda aka kama ya karya doka, ana iya ƙwace bindigarsa, a ci shi tara, har a ɗaure shi.

Akwai kuma maganar tsaro. A 2017 gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci a Abala da Banibangu da Walam, maƙwabtan Filinge, saboda ƴan bindiga. A irin wannan hali, mutumin da aka gani cikin daji da bindiga, ba wanda zai san zomo yake nema ko wani abu dabam. Zai iya rasa ransa kafin ya buɗe baki.

Ina barewa ta tafi?

Tsofaffi sun san lokacin da barewa ke shiga gonaki ta ci wake. Yau yara da yawa ba su taɓa ganinta ba sai a hoto. Farin 1973 da na 1984 sun kashe ciyawa da itatuwa. Mutane sun ƙaru, gonaki sun cinye daji. Bindiga da mota sun ƙarasa saura.

Barewa ba ta haifuwa kamar zomo. Cikinta wata shida ne, kuma ɗa guda take haifa. In an kashe mace mai ciki, an kashe biyu. In an kashe mai shayarwa, ɗan ma ba zai rayu ba. Naman barewa guda kuwa bai fi na akuya ba.

Abin da ya samu mariri ya isa ishara. A da garkensa na yawo a arewacin Nijar. A shekara ta 2000 masana suka bayyana cewa babu ko ɗaya da ya rage cikin daji a duniya duka. Sai a 2016 aka kawo waɗanda aka kiwata a gidajen ajiye namun daji, aka sake su a ƙasar Cadi. Mena ma, wadda ƴan ƙwallon Nijar suka ɗauki sunanta, kaɗan ƙwarai ta rage.

Amma akwai labari mai daɗi, kuma a Dallol Boso ɗin nan ne. A 1996 raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a wajen Kure. Gwamnati da mutanen ƙauyuka suka haɗa kai, aka bar kashe su. A 2018 sun wuce 600, har aka ɗauki 8 aka kai dajin Gadabeji. Ashe naman daji yana dawowa in an bar shi ya huta.

Shawara

Manomin da ke son sayen bindiga ya fara zuwa ofishin gandun daji na Filinge ya tambaya. Can za a gaya masa in an buɗe halbi, da naman da aka yarda a halba. Kada ya sayi bindiga a ɓoye. Wanda ke da ita da takarda, ya aje ta babu harsashi a ciki, nesa da yara. Kada ya nuna bakinta ga mutum, ko da wasa. Kada ya halba sai ya ga nama sarai, ya kuma ga abin da ke bayansa.

Kuɗin bindiga da harsashi da takardu sun isa sayen tumaki ko awaki. Tunkiya tana haifuwa, a sha nono, a yi suna, a yi layya. Masu koyon karatu su karanta wa mahalban garinsu wannan labari da dare, su yi shawara tare da mai gari a kan yadda za a tsare barewar da ta rage.